Cokali Biyu a Wad Madani

Shekara goma sha ɗaya Yaya Batulu
tana zuba wa mutane sukari a bakin tasha,
uku ga direba, huɗu ga yaron mota,
nata kofin kuwa baƙi wuluk, babu ko ƙwaya.
Takan ce: ni mai gadin rijiya ce,
da ƙishirwa ake biya na.

Allurarta a gindin randa take kwana,
cikin leda, cikin jiƙaƙƙen tsumma,
don wutar Mai Wurno baƙuwa ce,
ta leƙo, ta gaishe mu, ta wuce.

Tari ya zo a makon da aka rufe kasuwa.
Ta ce hayaƙin gawayi ne.
Ran Laraba ta ce na'ana'a ba ta ƙamshi,
ta ɗora wa mai kawo mata laifi.
Ran Juma'a muka ɗauke ta a bayan motar albasa,
kanta a cinyata har Wad Madani,
ƙirjinta na kuka kamar zugazugin da ya huje.

Ba a shiga, in ji mai gadi.
Taga ce rabona, ta uku daga famfo.
Wata ma'aikaciya, Ikhlas, ido kaɗai na san mata,
takan rubuta lamba a bayan kwalin magani
ta manna a gilashi.
Ɗari uku da tamanin.
Kashegari ɗari huɗu da goma.
Ni da ban gama firamare ba
na koyi jin tsoron lissafi.

Likita ya tsaya nesa da ni taku biyar, ya ce:
maganin da ke buɗe mata huhu
shi ke hura wa sukarin wuta.
In mun bar shi, iska ta ƙare,
in mun ba ta, jini ya koma zuma.
Masu irin ciwonta, su muka fi yi wa fargaba.
Na ce to a yi yaya?
Ya ce a yi ta awo.

A taga ta huɗu akwai wani Baban Taha.
Mukan raba burodi da wake, mu gwama lambobinmu
kamar manoma masu zancen farashin dawa.
Ran Talata ba a manna masa kwali ba.
Ya naɗe tabarmarsa, ya bar mini butarsa.

Dare na tara, wajen ƙarfe uku,
na ga fitilar waya na rawa a ɗakin.
Kwali ya zo: arba'in da takwas.
Na yi hamdala, wauta ta ce mini sauƙi ne,
sai na ga Ikhlas tana gudu.
Ruwan da ake ɗaurawa ya ƙare tun magariba.
Ta buɗe taga, karo na farko,
ta ce: kana da sukari?

Ina da shi. Ƙullin Yaya ne na tasha,
ya biyo mu a aljihun jakarta.
Cokali biyu a rabin kofi,
tana iya haɗiya, aka ɗura mata a hankali.
Abin da ta guje wa shekara goma sha ɗaya
shi ya riƙo ta a bakin rami.

Da aka sallame ta na tambaye ta daɗinsa.
Ta ce: kai dai bari, Ɗanjuma,
sau ɗaya aka halatta mini,
ya tarar harshena ba ya gida.
Ruwa na sha.

Yau sati shida. Mun zauna a inuwar dalbejiya,
kogi na wucewa da jan ruwan damina.
Ta soki yatsa: ɗari da talatin.
Ta kurɓi shayinta, ta yamutsa fuska, ta ajiye.
Da ɗaci, ta ce.
Ta sake kurɓa don ta tabbatar,
sai dariya, har tarin ya taso.

Butar Baban Taha tana nan a bakin randa.
Ban san ƙauyensu ba.