Inda Kuwara Ke Ƙarewa

Nomau mai gilashi, can bayan tashar Yelwa,
ya ja abin yankansa bisa layi, ƙas, ya ɓalle.
Falle biyar. Ya ce, "Taga ce ko kanta?"
Na ce teku zan gina.
Ya ƙirga kuɗinsa sau biyu, bai ƙara tambaya ba.

Da dare na haɗa su a zaure, gam yana warin tsami,
hannuna na rawa kamar na sabon wanzami.
Kwana uku na bar shi ya sha iska,
na cika shi da ruwan rijiya don gwaji.
Da asuba tabarmar Baba ta jiƙe sharkaf.
Kusurwar hagu ce, ramin da ko allura ba ta shiga.
Na kankare da reza, na koma farko.

Gishirin miya ba ya yi.
Nasa daban ne, Kakale direba ya ɗauko daga Ikko
a ƙarƙashin kujera, da farin yashi,
da duwatsu masu huda-huda kamar suri
waɗanda suka iso a jiƙe,
suna warin garin da ban taɓa takawa ba.

Ruwan leda jaka sha ɗaya.
Ladidi na farkewa da haƙori, ina damawa a baho
kamar mai kunun suna.
Ma'auni ya haura, na ƙara ruwa.
Ya faɗo, na ƙara gishiri.
Sai bayan isha'i allura ta tsaya inda ake so.

Daga nan sai jira.
Mako shida famfo na gurnani, ba kifi ko ɗaya,
har 'yan halittun da ido ba ya gani
su tare cikin dutse, su kama sharar gida.
Tamadina ta leƙo ta katanga:
"Ɗan Sarkawa ya koma kiwon ruwa!"
Dariya har bakin rijiya.

Baba bai yi dariya ba, bai kuma tanka ba.
Shekara arba'in yana fitar da kifi daga ruwa,
giwan ruwa, ƙurungu, karfasa,
ga ɗansa zai biya kuɗin mota a kawo masa kifi
wanda ba a ci.
Ya dai janye tabarmarsa nesa, ya ci gaba da ɗinkin koma.

Bazara ta sauko.
Na jera kwalaben ƙanƙara, suka narke kafin la'asar.
Wuta ta ɗauke, famfo ya yi shiru,
na kwana ina kwarfa da kofi ina mayarwa.
Da safe na sayar da kekena, na sayo batir.
A nan na koyi abu guda:
ruwa na tashi, gishiri na zama.
Na manna takarda jikin gilashi, na ja layi da biro,
kullum ina biyan rana bashin da ban ci ba.

Ranar Talata suka iso cikin leda mai kumburi,
su biyu, ba su kai ɗan yatsa ba,
ruwan lemo da farin ɗamara uku.
Na ɗiga musu ruwan gidan kaɗan-kaɗan, kusan awa.
Na sake su. Suka shige bayan dutse.
Ɗaya bai ci komai ba sai Juma'a.

Daren nan na farka, na ga haske a zaure.
Baba ne tsugune, tocila a hannu,
ƙaramin yana lilo daidai hancinsa.
Ya tsoma yatsa, ya kai bakinsa,
ya yamutsa fuska, ya daɗe.
Bai juyo ba ya ce,
"To nan ne Kuwara ke ƙarewa?"
Na ce haka aka ce.
Ya ce, "Ruwanka ya sauka ƙasa da layi. Miƙo kofi."