Ki Sauka a Yaba

Bara'atu, kin ce in rubuto miki
abin da za ki karanta kafin hutu ya ƙare.
Ni ba malami ba ne. Gadi na yi,
shekara goma sha tara a ƙofar ɗakin gwaje-gwaje a Akoka.
Dare yana da tsawo,
littafi kuwa ba ya gyangyaɗi.

Ki sauka a Yaba, ki bi gefen titin jirgi,
ki wuce 'yan gwanjo, ki wuce mai gasa masara.
Akwai wani tsoho, Baba Akanni,
hajarsa a shimfiɗe kan buhu,
ido ɗaya a kan ciniki, ɗaya a kan hadari.
Ki ce ni na aiko ki.
Zai tsuga kuɗi. Ki taya rabi.

Fara da wanda bangonsa ya cire,
mai bayanin teku.
A ciki na ji wai wata ne ke jan ruwa,
kamar mai jan guga daga nesa.
Ban yarda ba.
Na tafi Makoko da asuba,
na ja layi da gawayi a turken wani gida,
na dawo da azahar, ruwa ya sauka taki guda.
Mai kwalekwale har da riƙe ciki:
abin da ya sani tun yana goye
ni sai da na saya naira ɗari uku.

Sai na sauro. Siriri ne, ba ya cika aljihu.
Ashe macen ce ke cizo, saboda ƙwanta,
namijin ruwan fure yake sha.
Allah ya yafe mini waɗanda na tafe ba laifi.
In kin kai ƙarshe kada ki ce komai,
je ki bayan ɗakinku a Idi-Araba
ki kifar da tsohuwar tayar nan.

Akwai na tsuntsaye,
gara ta cinye shafi ashirin a tsakiya.
Saye shi haka.
Za ki ga wani da bai kai nauyin goro biyu ba,
yana ƙetare hamada cikin dare,
ba guzuri, ba ɗan kamasho, ba tambayar hanya.
Mu da muka zo Ikko a bayan tirelar albasa
har yau muna ba da labarin ciwon baya.

Na taurari kuwa, ajiye shi ƙarƙashin matashi
sai ranar da aka ɗauke wuta.
Akwai ɗan lokaci, bai fi tafasar shayi ba,
kafin janareto su farka.
Fita tsakar gida, nemi Kaza da 'Ya'yanta.
Hasken da zai faɗo cikin idonki
ya kamo hanya tun ba a haifi kakan kakan kakanki ba,
sai yau ya iso,
ya tarar da ke riƙe da tocila.

Mai ƙyallin bangon nan da ya san amsar komai,
bar wa Baba Akanni kayansa.
Ni na fi amincewa da marubucin
da zai tsaya a tsakiyar shafi ya ce:
nan kam ba mu sani ba tukuna.

Gani ya kori ji, haka aka ce,
amma ni ji ne ya koya mini inda zan duba.
Yanzu idon ya fara yana,
baƙaƙe na gudu kamar kiyashi.
Akwai wani kore, na halittun cikin ƙasa,
in bai sayar ba, kawo shi Agege ranar Lahadi.
Na tsaya a shafi na saba'in da huɗu,
inda tana ke haɗiye ƙasa
tana mayar da ita gona.
Zan so in ji yadda ta ƙare.