Sabon Kiɗa a Tsohuwar Masaƙa

Ni ce mai ajiyar riguna a bakin ƙofa.
Ka miƙo kwat, in miƙa maka lamba,
tun sha ɗayan dare
har taragon asuba ya fara ƙugi a titunan Lodz.
Sunana Bogna. Shekara sittin da uku.
Ba wanda ya tambaya, amma na faɗa.

Ginin jan bulon nan da suke kira gidan rawa,
shekara sha tara na yi ina saƙa a cikinsa.
Inda aka jera kwalabe, teburin shugaban aiki ne.
Inda fitila ke ƙifta shuɗi da ja,
nan injina yake, na arba'in da ɗaya,
mai cin zare ba ƙoshi, mai cin yatsa in ka yi gyangyaɗi.
Ranar da aka kashe injuna
shiru ya rufto mana kamar gini.
Kwana bakwai kunnena na laluben ƙara, barci ya ƙi.

Kiɗan yaran nan ban taɓa ba shi kunne ba.
Audugar da nake toshewa da ita a da,
ita nake toshewa da ita yanzu.

Sai ran Asabar, wajen biyun dare,
Tymon ya hau, siririn nan mai tabo a haɓa,
mai bar mini kwat da ɓawon lemo a aljihu.
Wai sabo ne fil, jiya ya sauke shi.
Ba baiti, ba amshi, ba kiran sunan masoyiya.
Dim. Dim. Dim. Dim.
Ganga ba fata, ba makaɗi, ba gajiya.
Ta tafin ƙafa ta shigo mini,
ta bi ƙauri, ta yi zaune a ƙirji,
lambobin ƙarfe a bango suka hau karo da juna.

Can wani abu ya ratso ta sama,
ƙwas-ƙwas, ƙwas-ƙwas, kamar mai gudun bashi.
Na zare audugar.
Na san wannan tafiyar.
Ƙoshiyar saƙa ce, tana kai tana komo,
hannuna ya ɗaga da kansa zai ƙulla zaren da ya tsinke.

Sai yaron ya janye gangar.

Mutum ɗari huɗu suka tsaya cak, hannuwa a sama,
gumi na ɗiga, ido a rufe,
wani siririn sauti na hawa kamar buta za ta tafasa,
yana hawa, yana hawa.
Wannan shirun ma na san shi.
Na taɓa tsayawa a cikinsa da jakata a hannu.
Mu namu bai dawo ba.

Nasu ya dawo.
Rim! Ƙasa ta amsa, tagogi suka amsa,
ginin da na yi wa takaba ya buɗe baki ya yi numfashi.
Na tsinci kaina rungume da kwat ɗin wani,
ina taka rawa a bayan kanta, gwiwa na ƙara, ban kula ba.
Wata yarinya mai ƙwalƙwal, Jagoda,
ta tsaya da lambarta, ba ta ce in yi sauri ba.

Da gari ya yi sha na tare Tymon.
Na ce, wancan ƙwas-ƙwas ɗin, ina ka samo shi?
Ya sosa ƙeya. Injin wankin uwarsa ne,
kwabo ya maƙale a ciki tun bara.

Na yi dariya har da hawaye.
Ban gaya masa komai ba.
Na ba shi kwat ɗinsa, na miƙa masa wayata,
na ce, zuba mini.

A tarago, tsakanin masu sammakon gidan burodi,
ƙafata ta dama tana ta aiki ƙarƙashin kujera.