Gadin Dare a Naraguta

Ƙarfe biyun dare, Naraguta ta yi tsit.
Sanyin Jos ya kutso ta ƙarƙashin ƙofa, ya zauna mini a gwiwa.
Shayi ya huce. Janareta na tari a bayan ɗaki.
Ga ni gaban allon kwamfuta, ina gadin na'urar
da ban taɓa dafa ta da hannuna ba.
Tana can ƙetaren teku, binne ƙarƙashin gonakin wasu,
doguwa, miƙe sambal, babu kwana ko guda.

Daga wannan baki ilaktiron ke tasowa, ayari-ayari,
daga wancan fositiron, tagwayensa mai halin akasi.
Maganaɗisu na matsa su, yana ƙara matsawa,
har silin gashi ya zama gungume a gabansu,
sannan a ce musu: ku haɗu.

Yawancinsu ba sa haɗuwa.
Su ratsa juna kamar baƙi a Taminus ranar jajibiri,
kafaɗa ba ta gogi kafaɗa ba.
Biliyoyi su wuce, ɗaya ya dace,
su biyun su ƙare nan take,
abin da ya fito daga ƙarewarsu shi muke ƙirgawa.

Uku saura kwata layin kore ya fāɗi.
Davou ya rubuto daga can: injin wuta guda ya ɗauke numfashi,
a ba shi minti ashirin.
Ya ci arba'in da bakwai.
Da ya farfaɗo kuma sai saiti ya goce,
wai ƙasa ce ta ɗan muskuta,
motsin da ko tururuwa ba za ta ji ba.
Muka yi ta lallashi, dama kaɗan, sama kaɗan,
kamar masu zura zare a allura da hannun aro.

Kakana Jatau wankin kuza ya yi a Bukur.
Kwando ɗari na ƙasa, ruwa har ƙugu,
yamma ta yi ya dawo da baƙin yashi cikin tafin hannu.
Bai taɓa zagin ƙasar da ta zube ba.
Ya ce wanda bai iya asarar kwando casa'in da tara ba,
kada ya shiga kududdufi.

Na'ura mai zobe tana da afuwa:
wanda ya kuskure zai zagayo, a sake gwadawa.
Tamu ba ta san wannan ba.
Sau ɗaya ake wucewa,
wanda bai gamu ba, juji ke jiran sa a ƙarshen hanya.
Na kan tsaya a kan wannan fiye da yadda aiki ya buƙata.

Asuba. Motocin dankali sun fara gangarawa Farin Gada.
Na buɗe littafin aiki na rubuta:
awa takwas, shida da rabi cikinsu lafiya,
yawan karo ya gaza na jiya da kashi huɗu,
a duba injin nan kafin ya sake.

Anjima Inna za ta tambaya, yau me kuka samo?
Zan buɗe mata tafin hannuna.
Ita 'yar Jatau ce, ta san yadda ake duba shi.