Tsirkiya Huɗu a Hamtramck

A shagon tsoho Wojcik, gefen Detroit,
Odessa ta gwada jitar bes goma sha ɗaya.
Sababbin sai ƙyalli, sai kaifin baki.

Ta kusurwa fa? Fentinta ya koɗe
inda damtsen wani ya shekara talatin yana guga.
Ta jona mata lantarki.
Tsirkiya mai kauri ta yi gurnani ƙasa-ƙasa,
muryar kakanta da sassafe, kafin kofi.

Ta murɗa maɓalli, amon ya kwanta,
ya dace da cocin Lahadi.
Ta ƙara murɗawa, ya fito da haƙora
irin na daren Asabar.

"Wuyanta ya ɗan karkace," in ji Wojcik.
"Nawa ma haka," ta ce,
tana zaro kuɗin hayar wata daga safarta.