Mai Rabon Murya

Ranar Talata, ruwa na tsuga a Agege,
Baba Akanbi ya sauko daga keke da akwatuna biyu,
ya lulluɓe su da ledar da ta kamata ta rufe kansa.
Katako ne mai launin goron da aka tauna.
Ya ce, "Ina lebura a Apapa na saye su,
albashin wata huɗu cur.
Yanzu tari suke yi, kamar ni."

Na kwance kusa takwas,
warin shekara arba'in ya fito ya gaishe ni:
gishirin teku, tsohon gam, kashin kyankyaso.
Soson da ke riƙe da bakin babbar lasifika
ya koma garin kwaki a yatsuna.
Can ƙurya, kan ɗan allon da ba mai leƙawa,
kafasita biyu sun kumbura, sun yi zufa, sun mutu a tsaye.

Allon nan shi ne alƙalin gida.
Ba shi da wutar kansa, ba shi da baki.
Murya ta shigo a dunƙule, shi zai raba gado:
mai kauri a kai wa uwa,
siririya a kai wa auta.
Ladansa bai wuce ɗan ɗumi a jiki ba.

Danfo uku na hau kafin Alaba.
Obiora ya miƙo na kwali, sabo fil,
ya ce, "Ɗaura wannan ka huta, wa zai sani?"
Na ce a auna min wayar tagulla.
Rigar aro ba ta zama daidai wuya.

Da dare na ɗauki ƙwaryar zaren ɗinkin Gambo
ina naɗi ina ƙirga.
A ɗari da sittin janaretan maƙwabci ya yi atishawa,
lissafi ya zube.
Na warware. Na koma ɗaya.
Hayaƙin dalma ya miƙe siriri
ya tsaya ƙarƙashin kwano yana jiran iska.

Ga abin da ban taɓa gaya wa mai kawo aiki ba:
shekara talatin tsakanin hon da janareta,
Ikko ta cinye saman kunnena.
Auta na magana,
ni allurar mita kawai nake gani tana rawa.

Sai na kira Hajjo daga kan aikin makaranta.
Ta hau benci, ƙafafu na lilo, ta rufe ido.
"Baba, wannan cizo yake yi."
Na cire rezista, na sa wata.
"Yanzu ya shige ɗaki ya rufe ƙofa."
Na sake. Yatsana ya sha ƙuna.
Ta yi shiru har na zaci barci ne,
can ta ce, "Kamar ana zuba gero a tire."
Na ɗaure kusa.

Asabar ya dawo da faifai a cikin tsohuwar jarida.
Muka zauna jiran wuta,
ya ba ni labarin jiragen da suka daina zuwa.
Ƙarfe huɗu da kwata ƙwan ya kama.

Allura ta sauka.
Kalangu ya taso daga ƙasan katako,
ya bi ta benci, ya shiga ƙirji.
Tsoho ya cire hula ya ɗora a gwiwa.
Hajjo ta ce, "Kun ji caki can baya?"
Na dubi Baba Akanbi, ya dube ni.
Babu wanda ya ji a cikinmu.

Mu biyu muka ɗauki rabon uwa,
ita ta tafi da na auta,
kiɗan kuwa bai ragu ba.

Da zai biya ya nemi ragi, na rage.
Ya ƙirga sauran a tafin yarinyar.