Gwiwar Hagu

Ba wata ƙara ta yi ba.
Ɗan "ɗas" ne kawai, kamar tsinkewar igiyar shanya,
ran Asabar, a filin Agege, bayan ruwa ya ɗauke.
Na juya zan bi ƙwallo, gwiwa ta ce ba ta zuwa.

Kawu Sallau ya kira mai ɗori.
Ya lallatsa, ya yi tofi, ya girgiza kai:
"Yaro, ƙashinka ƙalau. Abin da ya tsinke
yana can ciki, inda hannuna ba ya kaiwa."
Allah ya saka masa, bai ci kuɗin banza ba.

Sai Igbobi. Sai wuƙa. Sai ɗinki.
Da aka kwance ni na dubi cinyata,
ta motse kamar tsohuwar muciya,
na rasa ta waye aka liƙa mini.

Litinin da Alhamis nake zuwa ɗakin gashi.
Danfo ba ya jiran mai sanda biyu.
Kwandasta na ihun Oshodi, Oshodi,
ni ina ƙasa ina lallashin ƙafa ta hau.

Madam Ronke ce mai gashina,
gajera, tabarau a karan hanci, hannu irin na maƙera.
Hausarta ba ta wuce "sannu" da "ƙara" ba,
kuma "ƙara" ta fi yawa.
Tana da ma'auni mai baki biyu kamar almakashi,
ta kara shi a gefen gwiwa, ta karanta:
arba'in.
Bayan mako biyu, hamsin da biyar.
Ni da nake ƙirga ƙwallo a raga
na koma ƙirga lanƙwasa.

Ƙanƙara a tsumma. Jar roba a idon sawu.
Keken da ba ya zuwa ko'ina,
na tuƙa shi har Funtuwa a raina, na dawo,
ina nan dai gaban taga
ina kallon mai tallar agwaluma.
A gadon kusa, Nkechi 'yar tsere, agararta ta tsinke,
tana cizon gefen zane don kada mu ji.
Mu ma sai mu yi kamar ba mu ji ba.

Abokan wasa sun zo da lemo da ayaba.
Daga baya sai waya.
Daga baya shiru.
Rigata mai lamba bakwai tana jikin Namadi yanzu.
Ban ji haushi ba.
Ƙarya nake yi, na ji.

Amma ba wannan ke hana ni barci ba.
Wata huɗu ina salla a kujerar roba,
a ƙarshen sahu, ni da tsofaffi,
jama'a su sauka ƙasa su bar ni a sama.
Goshina ya manta sanyin tabarma.

Ran nan na faɗa wa Madam Ronke.
Ta cire tabarau, ta shimfiɗa tawul a siminti,
ta ce in nuna mata yadda muke yi.
Tun daga ranar shi muke koyo:
hannu tukuna, sai ta dama,
sai ta hagu a hankali kamar mai sauke tulu.
Tana ƙirga mini da Yarabanci, eni, eji, eta,
ina zufa, ina zaginta a zuci,
ina gode mata a fili.

Asubar Laraba, jirgin ƙasa na kuka a nesa,
liman ya yi kabbara, na ture kujera.
Na sauka.
Gwiwa ta yi ƙorafi, amma ta bi ni.
Warin tabarma, ƙura da ɗan danshi,
ban taɓa sanin yana da daɗi haka ba.
Har aka ɗago ban ɗago ba.

Ƙwallo fa? Ta ce mu ga bayan damina.
Gobe Alhamis.
Gadar Oshodi na nan da matakalarta,
kuma sanda ɗaya zan ɗauka.